Majigi, Silima da Fim: Tarihin Wata Sifar Ingilishi da Ta Rasa Masauki a Hausa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke faɗowa hannun masu fassara da malaman makaranta a 'yan shekarun nan, kaɗan ne suka kai sifar nan *cinematic* wuyar sha'ani. Ba baƙuwa ba ce a idon yaran zamani. Tun 2021, lokacin da kamfanin Apple ya sanya ta cikin hanyoyin ɗaukar hoto na wayar iPhone 13, saurayin da ke ɗaukar bidiyon biki a Gummi ko Anka yana iya cin karo da ita a jikin waya ko a manhajar gyaran hoto, ya latsa ta, ya ga aikinta, ko da ba zai iya faɗin ma'anarta ba. Mai fassara kuwa, in an ƙure shi, sai ya ce "na silima" ko "kamar a fim", ya wuce. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, waɗannan fassarori biyu sau da yawa sukan faɗi akasin abin da Baturen ya nufa, kuma dalilin haka yana cikin tarihin yadda hoto mai motsi ya iso ƙasar Hausa. An zaɓi yammacin Zamfara, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, domin a nan tarihin ya fi fitowa fili bisa ga manyan birane.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, inda *kinema* ke nufin motsi. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Auguste da Louis Lumière, su suka raɗa wa na'urarsu sunan da ya ƙunshi wannan saiwa haɗe da wata mai nufin rubutu, watau dai "mai rubuta motsi". Da ita suka yi nunin farko na biyan kuɗi a birnin Faris ran 28 ga Disamba, 1895. Aka gutsure sunan ya koma *cinema*, kuma wajen shekarun 1910 Ingilishi ya ƙera sifa daga gare shi. Da fari ma'anarta ba ta wuce dangantaka ba: abin da ya shafi sana'ar shirya hoto mai motsi ko gidan nuna shi. Daga baya sai ta ɗauki ma'ana ta biyu, ta dabarun da suka keɓanta da wannan sana'a, kamar sarrafa haske da inuwa, da kusanto da fuska har ta cika allo, da tafiyar da na'urar ɗaukar hoto tana bin mutum, da yanke wannan fage a liƙa shi da wancan. Ma'ana ta uku ita ce ta fi yawo a yau, kuma yabo ce tsantsa. Bature kan ce wani littafi, ko wani kiɗa, ko faɗuwar rana a bayan tsauni, yana da wannan sifa, yana nufin abin ya ƙasaita, ya cika ido, ya cancanci babban allo.

Ta fuskar nahawu babu wata matsala. Sanannen abu ne cewa sifofin Hausa na asali, irin su *babba* da *baƙi* da *sabo* da *dogo*, ba su da yawa, kuma harshen yakan biya bukatarsa ta hanyar nasaba, watau *na* ko *ta* da gajerunsu, ko ta *mai* da *maras*. Wanda ya ce "aikin gwamnati" ko "ruwa mai sanyi" bai rasa kome ba don ba shi da sifa guda. Matsalar tana ga sunan da za a jingina wa nasabar. Hausa ta ari sunaye har uku a lokuta uku daban, daga hannun mutane daban, kuma kowane suna ya shigo da halin wanda ya kawo shi.

Majigi

A shekarar 1903 abubuwa biyu suka auku waɗanda ba a saba ambatonsu tare ba. A watan Maris Turawa suka ci Sakkwato, ƙasashen Zamfara suka shiga ƙarƙashin mulkinsu. A watan Agusta kuma aka fara nuna hoto mai motsi a Nijeriya, a zauren Glover da ke Ikko. Tsakanin wannan nuni da isowar abin garuruwan hakimai na Lardin Sakkwato akwai shekaru masu dama, kuma da ya tashi isowa a motar gwamnati ya zo.

Kalmar *majigi* ta girmi motar. Daga sunan wata tsohuwar fitila ta Turawa aka samo ta, wadda suke kira fitilar siddabaru, mai haska hoton da aka zana a gilashi zuwa jikin bango. Hausa ta ɗauki rabin farko na sunan, mai nufin siddabarun, ta yar da fitilar. Da hoto mai motsi ya zo sai ya gaji sunan.

Mutumin da ya kamata a sani a nan shi ne William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya a Ikko, wanda tun ƙarshen shekarun 1920 ya fara amfani da hotuna don yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Motocin wannan hukuma, da na hukumomin da suka gaje ta a Ikko da Kaduna, su ne suka riƙa zaga larduna. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. A sanar da hakimi, mai shela ya zaga gari, bayan magariba a kafa farin ƙyalle a fili, galibi a ƙofar fada, a ta da injin wuta. Ba a biyan ko anini. Akan nuna labarun gwamnati, da wani darasi kan tsabta ko allurar rigakafi ko noman auduga da gyaɗa, a haɗa da ɗan abin dariya, sau da yawa na Charlie Chaplin, don kada taro ya watse. A gefe kuma ga tafinta riƙe da abin magana yana bayani da Hausa. Anka, mazaunin Sarkin Zamfara tun farkon ƙarni na 19, da Gummi ta Sarkin Mafara, da Bukkuyum ta Sarkin Danko, duk garuruwan hakimai ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, irin waɗanda aka shirya wannan tsari dominsu. A bakin mutanen yankin, inda harafin nasaba na mace ke narkewa cikin baƙin da ya biyo shi, *motam majigi* ce.

To, ga inda tarihin ya haɗu da kalmarmu. Sellers yana da ra'ayi game da idon mutumin Afirka, ya kuma rubuta shi a wata maƙala ta 1941 wadda takenta kansa ya kira masu kallon mutanen da ba su waye ba. A ganinsa ɗan ƙauye ba zai fahimci hoto ba sai an tafiyar da shi sannu a hankali. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idoji: kada a yawaita yanka, kada a riƙa juya na'ura tana bin fage, kada a tsallake wani mataki na aiki, kada a cusa abubuwa da yawa cikin hoto guda, kada a yi wata dabarar da ido bai saba gani a zahiri ba. In mutum zai tashi daga zaure ya je rijiya, to a nuna shi yana tafiya har ya isa. Mai karatu zai lura cewa abubuwan nan da aka hana su ne daidai abubuwan da sifar *cinematic* take nufi a ma'anarta ta biyu. Watau hoto mai motsi na farko da aka kawo wa manomin Zamfara an tace shi ne da gangan, aka cire masa ainihin abin da Bature yake yabo in ya ambaci kalmar.

Akwai wani labari da ya shahara tsakanin jami'an wannan aiki, wanda suka riƙa kafa hujja da shi. Wai an nuna wa 'yan ƙauye wani darasi kan tsabtace gida, da aka tambaye su me suka gani sai suka ce kaza, alhali masu shirin ba su ma san wata kaza ta gilma ta gefen hoton ba. Su a wurinsu wannan ya nuna ɗan ƙauye bai iya kallo ba. Ni kuwa ina ganin mutumin da aka tsare minti biyar yana kallon wani yana zubar da ruwan gwangwani a hankali, in ya hango kaza ta wuce da gudu ya riƙe ta, idonsa lafiya lau yake. Binciken da Peter Morton-Williams ya yi a ƙauyukan Nijeriya a farkon shekarun 1950, har da na Hausawa, ya nuna masu kallo suna fahimtar dabarun hoto fiye da yadda aka zata. Amma salon ya riga ya kafu. Ko bayan da 'yan ƙasa suka karɓi aikin, aka shirya irin su *Baban Larai* a shekarun 1950 don koyar da noman zamani, aka kuma riƙa nuna Sardauna yana buɗe makarantu da asibitoci, majigi bai bar halinsa na malami da ɗan saƙon hukuma ba.

Saboda haka kalmar ta fito da mutunci. Abu ne na fili, na kyauta, da izinin sarki, tsoho da yaro kowa na iya zuwa. Har wa yau ba ta mutu ba. A ƙarshen shekarun 2000, da aka so a shawo kan masu ƙin allurar shan inna a ƙaramar hukumar Gezawa ta Jihar Kano, sunan Majigi aka ba shirin, aka koma ga tsohon tsari na farin ƙyalle a ƙofar mai gari. A jami'o'i ma *majigi* muke kiran na'urar da ke haska rubutu a allo. Amma ba wanda zai ce faɗuwar rana a Gulbin Zamfara ta yi kyau "kamar majigi" a gane yabo yake yi.

Silima

Ita wannan ta hannun 'yan kasuwa ta zo, yawancinsu 'yan Labanan, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori. Sauyin *n* zuwa *l* da ya mai da *sinima* ta koma *silima* ba sabon abu ba ne a kalmomin aro, shi ne ya ba mu *lamba* daga Ingilishi da *lakadan* daga Larabci, kuma duka siffofin biyu suna raye.

A Kano an buɗe gidan Rex a 1937, a wajen ganuwa. Mutanen cikin birni suka kira abin *dodon bango*. Ran 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a gidan El Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma da yawa a birnin suka ɗauki abin a matsayin hukuncin Allah a kan masu zuwa irin wannan wuri. Da aka buɗe gidan Palace a unguwar Jakara a 1952, cikin ganuwa sosai, sai da aka yi rigima. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa littafinsa a 2008, ya bayyana wannan bambanci na majigi da silima dalla-dalla, ba sai an maimaita ba. A taƙaice, silima wuri ne na dare, na biyan kuɗi, a unguwar baƙi, kusa da gidajen giya, inda matar aure ba ta zuwa, wadda ta je kuma an san sunan da za a kira ta.

Abin da ya kamata a ƙara game da yammacin Zamfara shi ne nisa. Gidan silima ɗan birnin ciniki ne, yana bin layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙaurar Namoda a ƙarshen shekarun 1920, Gusau ta cika da kantunan kamfanoni da injin gurzar auduga da Sabon Gari, daga bisani ta sami gidajen silima. Layin bai bi ta Anka ko Gummi ba. Ga mutumin Bukkuyum, silima abu ce da ɗan cin rani ke gani a Gusau ko Sakkwato ko Kano ko Kurmi, ya komo da labarinta farkon damina, tare da sabon agogo da wasu halaye da iyaye ba su aike shi ya koyo ba. Ta haka kalmar ta riga ginin isa ƙauye, kuma zargin da ke tattare da ita ya riga daɗin kallon isa.

Amma fa a cikin wannan wuri da ake ƙyama ne Bahaushe ya fara ganin hoton da ba a tace ba: na kaboyi, da na 'yan Sin masu faɗa, da uwa uba na Indiya, waɗanda tun shekarun 1960 suka mamaye allo. *Mother India* na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi. Masu kallo, waɗanda aka ce ba za su gane yanka da tsallake ba, suka zauna sa'a uku suna bin labari cikin harshen da ba su ji, har suka raɗa wa 'yan wasan sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. A nan ne, in da za a samu, za a sami kalmar Hausa mai ɗauke da yabon da ke cikin *cinematic*. Ba a samu ba, domin masu jin daɗin abin ba su ne masu faɗa a ji ba, kuma ba abin da mutum zai yi alfahari da shi gaban surukinsa ba ne. Fim ɗin *Shaihu Umar* da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna ana iya yin abin ƙasaita da Hausa don babban allo, sai dai irinsa ba su yi yawan da za su wanke sunan ba. Da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki da ita a Janairun 2000, gidajen silima na cikin abubuwan da aka rufe tare da gidajen giya da na karuwai. Wanda ya fassara sifar Ingilishin da "na silima" don ya yabi wani abu, to ya san cikin jerin da ya jefa shi.

Fim da bidiyo

Kalma ta uku ita ce ta yi nasara. A tsohon Ingilishi tana nufin tantani ko yana, daga nan ta koma sunan siririyar ledar da ake ɗaukar hoto a kai, daga nan kuma ta koma sunan labarin kansa. Hausa ba ta yarda baƙi biyu su haɗu a ƙarshen kalma, sai ta yar da *l*, ko kuma ta tsaga su da wasali a ce *filim*. Jam'in, *finafinai*, ya bi ƙirar *fikafikai*, alamar kalma ta zama 'yar gida. A bakin dattijon da ke cewa *hili* da *hita*, baƙin farkonta ma yakan karkata zuwa *h*.

Kaset ɗin bidiyo shi ya kai fim inda jirgin ƙasa bai kai ba. Bayan *Turmin Danya* da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da bunƙasar sana'ar a ƙarshen shekarun, har aka kafa mujallar *Fim* a 1999, duk garin da ke da mai janareto da talabijin ya sami gidan kallo. Sannan faifai ya zo, sannan masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa. Fim ya shiga ɗakin matan aure, inda silima ba ta taɓa shiga ba. Duk da haka bai tsira daga gādon zargi ba. *Ɗan fim* da *'yar fim* ba kalmomin da ake neman aure da su ba ne, kuma a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen finafinai a Ƙofa ta Jihar Kano saboda adawar malamai.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin harshe shi ne rabon aikin da ya auku tsakanin *fim* da *bidiyo*. A Hausar yau *bidiyo* shaida ne, abin da ya faru aka ɗauka. *Fim* kuwa abin da aka shirya ne. In aka ce "an ga bidiyon", magana ta ƙare. In aka ce "ai fim ne", ko "shirin fim ne kawai", ana nufin ƙarya ce aka kitsa. Tsakanin waɗannan biyu kuma akwai "kamar a fim", wadda mutum ke faɗi in abu ya auku gabansa da gaske amma hankalinsa ya ƙi ɗauka. Wanda ya tsira daga haɗarin mota yakan faɗe ta. Ba a faɗinta da murmushi.

A yankin da muke magana wannan bambanci ya wuce wasan kalmomi. A 2010 aka gano gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, har aka ƙiyasta yara 400 ne suka mutu. Hotuna da bidiyon da ƙungiyoyin waje suka yaɗa suna cikin abin da ya matsa wa gwamnati ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013. A nan hoto ya yi aikin shaida. Sannan a farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. A irin wannan hali, inda adadin gawa ma abin jayayya ne, in wanda ya tsira ya ce abin ya zo musu kamar a fim, mai fassara yana riƙe da amana. In ya juya ta zuwa Ingilishi da *cinematic*, ya mai da firgicin mutum ya zama sha'awar mai kallo. In kuma, ta ɗaya ɓangaren, wani ɗan jaridar waje ya siffanta hoton ayarin babura cikin ƙura da wannan sifa, aka juyo ta Hausa da "kamar fim", mai sauraro a Gummi na iya jin ana cewa abin da ya ci 'yan'uwansa shiri ne.

Rigimar Yulin 2022 a kan wannan gaɓa ta tsaya. Sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da wani shiri kan shugabannin 'yan bindigar Zamfara, wanda wani matashi ɗan jihar, Yusuf Anka, ya shiga daji ya ɗauko. Ministan watsa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce an ƙawata ta'addanci. A watan Agusta hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar gidan Trust TV naira miliyan 5 saboda nasa shirin a kan batun, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka watsa na BBC. A ganina tarar ba ta da hujja, domin rufe ido ba ya mai da ɓarawo gida. Amma tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ta gaskiya ce: yaushe ne kyan ɗauka, da haske, da kiɗan da aka saka a baya, ke ɗauke bidiyo daga shaida su mai da shi fim, su mai da mai kisa *bos* ɗin da yara ke sha'awa? Ingilishi, da yake sifarsa yabo ce, yana da wuya ya yi wannan tambaya da kalma guda. Hausa kuwa ta riga ta raba kalmomin.

Abin da ya rage shi ne aikin mai ƙamus da malamin aji. A ma'ana ta farko nasaba ta isa: tarihin fim, sana'ar fim, gidan silima in ginin ake nufi. A ma'ana ta biyu "dabarun fim" ko "salon fim" sun wadatar, kuma masu sana'ar a Kano sun daɗe suna amfani da irinsu. Ma'ana ta uku ce ke bukatar a bar fim gaba ɗaya a waiwayi gida. Masana adabinmu, tun daga aikin Abdulƙadir Ɗangambo kan feɗe waƙa, suna da *zayyana*, watau hoto cikin bayani, kuma ita ce mafi kusa da abin da Bature ke nufi in ya yabi littafi da wannan sifa. Talaka kuma yana da tasa: in mai ba da labari ya iya, akan ce ya faɗa "kamar kana wurin", ko "kamar a gabanka aka yi". Ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba ta jira Lumière ba kafin ta san yadda ake sa mai sauraro ya ga ƙurar dawaki da ƙyallin takubba. Babban makaminsu kuwa amsa-kama ne. Wanda ya ce mahayi ya yi *wuf* ya haye, doki ya miƙe *zumbur*, fili ya cika *maƙil*, gari ya yi *tsit*, ya yi yanka da kusantowa da faɗaɗawa duka da baki, a cikin numfashi guda. Ɗalibin da ke nazarin littattafan soyayya na Kano, waɗanda lalle sun sha daga finafinan Indiya, ya kamata ya iya bambance inda marubuciya ta ari dabarar allo, kamar tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan a tsakiyar zance, da inda take tafiya kan tsohuwar hanyar tatsuniya. In ya kira duka biyun "salon fim" ya ba Indiya abin da yake na kakarsa.

Game da maɓallin da ke jikin waya kuwa, da wuya masana su riga masu ɗaukar bidiyon biki yanke hukunci. Hausa tana da tsohuwar al'ada game da sifofin Ingilishi: takan are su ta mai da su sunaye, sannan ta jingina musu nasaba. *Lantarki* sifa ce a harshen da aka aro ta, haka *firamare* da *sakandare*, amma mu "wutar lantarki" da "makarantar firamare" muke cewa, har ma a ce yaro ya gama firamare. In *sinimatik* ta zauna, ta wannan ƙofa za ta shigo, ta zama sunan wani irin ɗauka da ake biya wa kuɗi dabam, wanda fuskar amarya ke fitowa tangaran, 'yan rakiya kuma su dushe a bayanta.